Yadda ake cire gashin mara da halawa ko kaki, fata ta zauna lafiya

Wata Alhamis da yamma, ana ruwan nan na watan Yuni da ba ya ɗaukewa, wata Hajiya ta shigo ɗakin gyaran jikina a Agege riƙe da hannun 'yar ƙanwarta. Ɗaurin aure ranar Asabar ne. Ta ce, "Anti, ga 'yarki nan, a yi mata halawa yau, daga sama har ƙasa." Na zaunar da yarinyar, na riƙo hannunta ina dubawa. Gaɓoɓin yatsunta baƙi ne, bayan hannun kuwa fari fat, har jijiyoyi kore-kore sun bayyana. Na tambaye ta wane mai take shafawa, ta sunkuyar da kai ta ce haɗi ne da wata ƙawarta ke kawo mata. Na ce yaushe rabonta da reza, ta ce shekaranjiya.

Na ba Hajiya haƙuri, na ce ba zan ɗora wa yarinyar nan halawa ba, wato dafaffen sukarin nan da ake fizge gashi da shi. Ranta ya ɓaci, don daga Mile 12 suka taso cikin ruwa da cunkoso. Amma fatar da mai ya cinye haka, idan aka fizge ta, tare da gashin take tasowa. Gashin ma bai fito ba balle a kama shi. Da na yi abin da suka zo nema, da amarya ta shiga ɗakinta da ciwo a inda ba ta iya nuna wa kowa.

Fizgar gashi aikin minti kaɗan ne. Abin da ke raba gyara da ɓarna yana cikin abin da aka yi kafin fizgar da kuma kwana biyun da ke bayanta, kuma nan ne mata suka fi yin gaggawa.

Maganar addini tukuna

Cire gashin mara da na hammata yana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim. A Sahihu Muslim kuma Anas ɗan Malik ya ce an ƙayyade musu kada su bar shi ya wuce kwana 40. Malamai sun ce da duk abin da aka cire shi, reza ce ko tsigewa ko man cire gashi, an samu abin da ake nema.

Inda ake tsayawa a yi tunani shi ne wa zai cire. A Muslim ɗin dai akwai hadisin Abu Sa'id al-Khudri da ya hana mace kallon al'aurar mace 'yar'uwarta, kuma mafi yawan malamai sun ce tsakanin cibiya da gwiwa ne. Saboda haka ni abin da nake yi a ɗakina shi ne, hannu da hammata da ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa ni nake yi. Abin da ya rage, in dafa halawar, in koya wa mace a kan hannunta har ta iya, in ba ta madubi in ja labule, ina waje tana tambayata ina ba ta amsa. Mai larura, kamar mai tsohon ciki da ba ta ganin ƙasanta ko mara lafiya, mijinta ne na farko da ya kamata ya taimaka mata, idan hakan bai yiwu ba ta tambayi malamar da ta yarda da ita. Na san kuma da yawa cikin 'yan'uwanmu suna zuwa manyan shaguna a Lekki da Ikeja da Surulere, su ma ina son su san abin da za su sa wa ido. Matakan duk ɗaya ne, ko hannunki ne ko na wata.

Mataki na farko: fatarki za ta iya ɗauka?

Kafin ki kunna risho ko ki kira shago, amsa wa kanki waɗannan da gaskiya.

Kina shafa man ƙara haske? Yawancin haɗe-haɗen nan akwai sitiroyid a cikinsu, irin su clobetasol, wasu da hydroquinone. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri kamar ledar biredi, ta riƙa tsagewa da ɗan abu kaɗan, ciwo kuma ya daɗe bai warke ba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan waɗannan mayukan. Mai shafa su a cinya da matse-matsi kada ta kusanci halawa ko kaki sai fatar ta dawo daidai, kuma barin sitiroyid bayan an daɗe ana shafawa yana buƙatar likitan fata, don daina shi farat ɗaya yana tayar da ƙuraje da zafi.

Mai shan isotretinoin saboda ƙurajen fuska ta jira wata 6 bayan ta gama shansa. Mai shafa tretinoin ko wani mai ɗaye fata a wurin ta dakata da shi aƙalla mako guda. Mai ciwon sukari, musamman wadda sukarinta ba ya zama daidai, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, su tambayi likita kafin nan. Idan akwai maruru, ko ƙuraje masu ruwa, ko wani tsiro, ko ƙaiƙayi da fitar ruwa mai wari, ko yanka, a bari a yi magani tukuna, domin fizga tana buɗe ƙofofin gashi ta yaɗa cutar zuwa inda babu. Mai jego ta bari sai ta yi arba'in, ɗinki ya warke, likita ya duba ya ce lafiya. Ruwan zafin wankan jego kaɗai ya ishi fatar.

Sai wadda jikinta ke yin tabo mai tudu, wanda ke ci gaba da girma bayan ciwo ya warke, kamar yadda ake gani a kunnen wasu bayan huji. Ita ma rage gashin da almakashi ko injin aski ya fi mata lafiya.

Mataki na biyu: tsawon gashi da zaɓen rana

Gashi ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, kamar milimita 6. Idan da reza kika saba, wannan yana nufin ki ajiye ta mako 2 zuwa 3. Wanda bai kai haka ba halawa ba ta kama shi, sai ki yi ta maimaitawa a wuri ɗaya har fata ta yi ja. Wanda ya yi tsawo da yawa kuma yana naɗewa ya ƙara zafi, sai a rage shi da ƙaramin almakashi.

Kwanakin da ke gab da al'ada da lokacin da ake cikinta jiki ya fi jin zafi. Mako guda bayan kin yi wanka shi ne lokaci mai sauƙi. Idan kina tsoron zafi, farasitamol kamar rabin awa kafin a fara yana ɗan ragewa. Mai ciki da mai gyambon ciki kada su sha ibuprofen.

Amare, ku ji wannan da kyau. Wadda ba ta taɓa yi ba, ta gwada wata guda kafin biki, ta ga yadda fatarta za ta karɓa. Na biyun ya kasance kwana 4 ko 5 kafin ɗaurin aure. Ba a yin halawa ranar da aka yi dilka a wuri ɗaya, don dilka ta riga ta murje saman fatar.

Mataki na uku: halawa ko kaki

Kaki iri biyu ne a shaguna. Akwai mai laushi da ake shafawa siriri a manna ƙyalle ko takarda a fizge. Yana da sauri, ya dace da ƙafa da hannu, amma yana manne wa fata sosai, shi ya sa ba na son sa a mara. Akwai mai tauri, wanda ke zuwa ƙwaya-ƙwaya kamar wake, a narkar da shi a 'yar tukunyar lantarki, a shafa da kauri, ya daskare a ɓanɓare shi ba tare da ƙyalle ba. Wannan ya fi kama gashi ya bar fata, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi a wuri mai laushi.

Halawa kuwa tamu ce, ta biyo hanyar Sudan da Chadi ta shigo Maiduguri, daga can ta bazu tare da dilka da turaren wuta. Sukari ce da lemun tsami da ruwa, ba wani abu. Ana ɗora ta da ɗumin jiki kawai, ruwa yana wanke ta, kuma ana fizgarta ta inda gashi ya kwanta, don haka ba ta cika karya shi ba. Ga gashinmu mai murɗewa wannan babban abu ne. Ni ita nake zaɓa, sai dai tana son hannu, kuma iskar Legas ba ta ƙaunarta.

Mataki na huɗu: dafa halawa

Kofi 2 na farin sukari, rubu'in kofi na ruwan lemun tsami da aka tace, rubu'in kofi na ruwa. Ki samu tukunya mai kaurin gindi, wadda ta fi haɗin girma sosai don zai yi kumfa ya taso. Ki ɗora a matsakaiciyar wuta, ki juya har sukarin ya narke, daga nan ki rage wuta ki riƙa kaɗa tukunyar a hankali.

Kada ki dogara da agogo, wutar kowa daban. Idonki a kan launi. Zai fara fari tas, ya koma ruwan ɗorawa mai haske, sannan ya kama launin zuma. Tsakanin launin zuma da ƙonewa ɗan lokaci ne ƙwarai, don haka ba lokacin ɗaga waya ba ne. Ki ajiye kofin ruwan sanyi kusa. Ki ɗiga kaɗan a ciki, ki sa yatsa ki ɗauko. Idan ya narke ya bi ruwa, da saura. Idan ya dunƙule, kina matsa shi yana lotsawa kamar cingam, ya yi. Idan ya yi tauri kamar alewar yara, ya wuce, sai ki sauke ki ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwan zafi a hankali, ki mayar wuta kaɗan.

A nan ne wadda ta koyi halawa a Arewa take shan mamaki idan ta zo Legas. Sukari yana jan danshin iska. Halawar da za ta zauna daram a Kano ko Maiduguri, a nan da damina minti kaɗan sai ta saki ta koma ruwa a hannu, ta manne wa fata ta ƙi tashi. Shekarata ta farko a garin nan na zubar da tukunya da yawa kafin na gane. Yanzu daga Afrilu zuwa Oktoba ina barinta ta ɗan ƙara tauri a wuta, launinta ya ɗan fi zuma duhu. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sai in koma yadda na saba.

Ki juye a kwanon silba ko kwalba mai jure zafi, ki bar ta ta huce. Sukarin da ya tafasa ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa jiki, don haka a kori yara daga madafi. Idan ya zubo miki, ki sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba gishiri.

Idan ta huce har kina iya taɓa ta ba ki ji zafi ba, ki ɗebi kamar girman ƙwan kaza da yatsu masu ɗan danshi, ki riƙa ja kina naɗewa har ta daina sheƙi ta koma launin madarar da aka sa wa shayi. Ta shirya.

Mataki na biyar: shirya wuri da fata

Ɗaki ya kasance da sanyi da haske. Idan babu wuta kuma ba za a tayar da janareta ba, a ɗaga zuwa safiya ko a kunna fanka mai caji, domin gumi shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Ki yi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, kada ki shafa mai ko turare a wurin, ki tsane jiki sosai. Ki wanke hannu, farce a yanke. Ki shimfiɗa tawul mai tsabta a ƙasa, ki jingina bayanki da bango, ki kafa madubi a gabanki. Ki barbaɗa garin masara mai laushi irin na kunun kanti ko hoda mara ƙamshi, kaɗan kawai, don ta shanye danshi. A waje kawai, kada ta shiga ciki.

Kowace irin kika zaɓa, ki gwada ɗuminta a cikin tsintsiyar hannunki kafin ta taɓa mara. Kaki mai tauri idan ya narke daidai kaurinsa kamar na zuma ne, yana bin katakon shafawa a hankali. Idan yana zuba kamar ruwa, ya yi zafi da yawa, a kashe tukunyar a jira.

Mataki na shida: fizga

Ki fara duba yadda gashin ya kwanta. A mara ba hanya ɗaya yake bi ba. Na sama yawanci ƙasa yake kallo, na matse-matsi yana karkata zuwa ciki, wani wurin ma yana juyawa. Kowane ɗan yanki da nasa.

Ki fara daga waje, wato saman mara da gefen cinya, inda fata ta fi ƙarfi, ki riƙa matsowa ciki. Faɗin yanki kada ya wuce yatsu biyu, tsawonsa kamar na yatsa ɗaya. Masu koyo suna son su ɗauki babban wuri don su gama da wuri, nan ne ake samun kwanciyar jini.

Da halawa, ki ɗora dunƙulen a ƙasan yankin, ki ja shi da yatsu a hankali yana fuskantar gashin, wato kishiyar inda ya kwanta, sau biyu ko uku, don ta shiga har gindinsa. Da ɗaya hannun ki ja fatar ta miƙe tsaf. Sannan ki fizge da sauri ta inda gashin ya kwanta. Da kaki mai tauri abin juyawa yake: a shafa da katako ta inda gashi ya kwanta, a bar bakinsa da ɗan kauri don a samu abin kamawa, a jira har ya daina manne wa yatsa, a fizge ta kishiyar kwanciyar gashin.

Abu uku ne ke hana ciwo, kuma su nake ta maimaita wa mata ta bayan labule. Fata a miƙe take kafin a ja. Hannu yana tafiya a kwance, dab da jiki, kamar mai buɗe shafin littafi da sauri, ba ya tashi sama. Idan kika ja sama, fatar kike ɗagawa. Na uku, da zarar kin fizge ki danna tafin hannu a wurin na ɗan lokaci, zafin yana lafawa nan take. Ki ja numfashi kafin ki ja, ki sake shi lokacin fizgar.

Kada ki tsaya a tsakiya. Jan hankali-hankali ya fi zafi, kuma yana karya gashi. Idan halawa ta saki ta manne, kada ki yi kokawa da ita, ki sa tsumma da ruwan ɗumi ta narke, ki tsane, ki sa hoda, ki ɗauki sabuwa. Kaki kuma ruwa ba ya cire shi, man zaitun ko man kwakwa ne ke sakinsa.

Kaki mai laushi ba a maimaita shi a wuri ɗaya ko sau ɗaya. Mai tauri da halawa za a iya komawa sau ɗaya, daga nan abin da ya rage a tsince shi da hantsaki mai tsabta ko a bar shi. Ɗan ɗigon jini kamar kan allura a gindin gashi mai kauri ba abin tsoro ba ne, musamman karon farko. Amma idan wuri ya yi sheƙi, ya yi ja, yana zafi kamar ƙuna, fata ce ta ɗaye. A tsaya nan, a wanke da ruwan sanyi, a shafa basilin mai tsabta.

Fatar ciki mai danshi wadda gashi ba ya fitowa a kanta, babu abin da ya kamata ya taɓa ta, ko halawa ko kaki ko man cire gashi. Wuraren da ke da naɗi, da na baya wanda ba kya gani sosai, idan hannunki bai ƙware ba ki rage su da almakashi ko ki bi da sabuwar reza a hankali. Ba dole ba ne a gama komai da halawa rana ɗaya. Mata da yawa da na koya wa sai a karo na uku suka iya kammalawa da kansu.

Idan shago za ki

A takardar farashinsu za ki ga sunaye. Bikini shi ne gefe-gefe kawai, abin da ke fita daga ɗan kamfai. Birazilan shi ne gaba da baya, wani lokaci a bar ɗan siriri a sama. Holiwud kuma a cire duka. Ki faɗi abin da kike so da bakinki kafin a fara, kuma ki tabbatar mace ce za ta yi, a ɗaki mai ƙofa.

Ƙwararriya za ta tambaye ki magungunan da kike sha da man da kike shafawa. Wadda ba ta tambaya ba, ki faɗa mata da kanki ki ga yadda za ta amsa. Ta wanke hannu, ta sa sabuwar safar hannu a gabanki, gadon da sabuwar takarda ko zanen da aka canja. Babban abin dubawa shi ne katakon shafawa. Duk wanda ya taɓa jikinki kwandon shara zai tafi, ba ya komawa cikin tukunya. Ɗumin kaki bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba, tukunyar kuma ta mata da yawa ce. Idan kika ga ta mayar da katako, ki tashi ki ɗaura zanenki. Wata baiwar Allah ta zo mini daga wani shago da maruru huɗu a matse-matsi, ta ce ta ga ana mayarwa amma ta ji kunyar magana. Haka dunƙulen halawa, na mutum ɗaya ne, a gama a zubar.

Mataki na bakwai: kwana biyun farko

Yanzu kowace ƙofar gashi a buɗe take. Ki wanke da ruwan sanyi, ki tsane da dannawa, ba da gogawa ba. Tsumma mai sanyi yana kwantar da ja da ƙananan ƙurajen da ke tashi, waɗanda galibi suke bajewa cikin kwana ɗaya. Ruwan aloe mai tsabta ya isa idan kina son shafa wani abu.

Na awa 24 zuwa 48 ki nisanci ruwan zafi, turaren tsugunno, humra da duk wani mai ƙamshi a wurin, dilka, motsa jiki mai sa gumi, wanka a teku ko kwamin iyo, da kuma kwanciyar aure. Tsarki da wankan ibada da ruwa zalla babu matsala. Kada ki sa sifirit ko lemun tsami ko alimun da sunan kashe cuta, ƙona wurin za su yi su bar baƙi.

Ki yi tunanin hanyar komawa gida. Macen da ta fito daga gyara ta sa matsattsen wando na roba, ta zauna awa biyu a danfo daga Ikeja zuwa Alaba Rago cikin zafi, gumi da gogayya sun gama ɓata aikin kafin ta isa. Ki zo da kamfai na auduga mai sakewa da doguwar riga ko zane. Idan da hali ki sa lokacinki da yamma, ko ranar da ba ki da wata fita.

Gashin da ke komawa ciki, da baƙin tabo

Wannan shi ne kukan yawancinmu. Gashinmu a murɗe yake, idan zai sake fitowa wani lokaci sai ya lanƙwashe ya huda fata ya koma ciki, ya yi ƙurji. Baƙar fata kuma duk inda ta ji ciwo sai ta ƙara duhu, tabon ya yi watanni. Daga nan mace ta je neman man haske, man ya ƙara lalata fatar.

Daga kwana na 3 ki fara murza wurin a hankali da tsumma mai laushi lokacin wanka, sau 2 ko 3 a mako. Soson roba mai kaushi na wanka ya yi ƙarfi a nan. Bayan wanka ki shafa mai mara ƙamshi, siriri, don fata mai laushi gashi ya fi saurin hudo ta. Man kaɗanya yana da kyau amma kaɗan, don a zafin Legas mai yawa yana toshe ƙofofi. Idan ƙurji ya fito, ki gasa shi da tsumma mai ɗumi minti 10 sau biyu a rana. Kada ki matse, kada ki tona da allura. Matsar ce ke kawo tabo, ba gashin ba.

Idan ƙurjin ya girma, ya yi zafi da mugunya, ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za ki, ba kemis ba. Wadda maruru ke yawan dawo mata a hammata da matse-matsi, yana fashewa yana barin rami, wannan ba na aski ba ne, ciwo ne da ke da magani. Akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja.

Wadda halawa ba ta karɓe ta ba

Reza sabuwa, a jiƙa gashi da ruwan ɗumi da kumfa, a bi ta inda ya kwanta, kada a yi aron ta kowa. Man cire gashi irin Veet ko Nair a gwada a ɗan wuri kwana guda kafin nan, a gefe kawai, kuma kada a wuce mintin da aka rubuta a kwalin. Leza, wato hasken na'ura da ke ƙona gindin gashi, tana rage gashi na dogon lokaci, amma sai an je sau da yawa, kuma ga baƙar fata na'urar da ake kira Nd:YAG ce ta fi aminci. Ki tambayi sunan na'urar, a gwada miki a ɗan wuri tukuna, kuma a asibitin fata.

Idan halawar ta karɓe ki, ki ajiye reza gaba ɗaya a tsakani. Ki maimaita duk mako 4 zuwa 5. A lokacin gashi ya kai a kama, kuma ba ki haura kwana 40 ba. Karo na biyu ya fi na farko sauƙi, na uku ya fi na biyu.

Amaryar nan ta Mile 12, ranar sabuwar reza na ba ta, na nuna mata yadda za ta bi a hankali, na yi mata lalle, na roƙi Hajiya ta kai ta wurin likitan fata bayan biki saboda man. Sai da aka yi wata bakwai ta dawo, ita kaɗai, launin hannunta ya daidaita. Na dafa tukunya a gabanta, ta gwada a hannunta sau biyar har fizgar ta kwanta, sannan na miƙa mata madubi na ja labule.